Huɗu Da Huɗu Ba Takwas Ba Ne A Waya

Edita,

Don Allah ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in ja kunnen 'yan'uwana na Bakura da Maradun masu zuwa sayen waya ran kasuwar Talata Mafara. In kun ga 4+4 a kwali, to giga 4 ne kawai ƙwaƙwalwar aikin wayar, wato RAM. Sauran aro ne daga ma'ajiyar hotuna. Kamar kayan kan tebur ne da na sito: na sito sai ka tashi ka ɗauko.

Ni kuɗin takwas na biya, amma tana ta tafiyar hawainiya. Da yarona ya kashe aron a saitin, wallahi har ta ɗan sake.

Kafin ku biya, ku ce mai shago ya nuna muku ta asalin.

Ɗan tireda,
Talata Mafara.