Kowa Ya Ci Ladan Kuturu, Ya Yi Masa Aski

 Maganarmu ta wannan mako ta wurin kwana ce, watau gidan da talaka zai iya biyan hayarsa ba tare da ya sayar da akuyarsa ba.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙasar nan ta sāke. Inda dā a ke zaman jiran damina, yanzu shinkafa ce da alkama da albasa da tumatir. Arziki kuwa shi ke kiran mutane. Da kaka ta wuce sai 'yan ci-rani su yi ta kwararowa, ga 'yan dako a Kwanar Gafan, ga ma'aikatan injin shinkafa a Kura, ga malaman makaranta da akawuna da a ke turowa. An yi wa ruwa hanya, an yi wa amfanin gona kasuwa, amma mai aikin ba a yi masa ɗaki ba. Wanda ya zaga da dare zai ga magidanta kwance a rumfunan kasuwa, sauro yana biki a kansu.

Wani zai ce ai Gwamnati ta sha gina gidaje. Gaskiya ne. Shugaba Shehu Shagari ya yi masu sauƙin kuɗi daga 1980, an kuma gina unguwannin Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo a gefen Kano tsakanin 2011 da 2015. Amma waɗannan na baya na sayarwa ne, kuɗinsu kuwa ya fi ƙarfin lebura da ƙaramin akawu.

To, ga wata dabara da mutanen Amurka su ka fito da ita a 1986. Gwamnati ba ta ɗora tubali ko ɗaya. Sai ta ce da masu dukiya, ku zuba kuɗinku a ginin gidajen haya, ni kuwa in riƙa rage muku haraji har shekara 10. Amma da sharaɗi. Ba a ba da gidan sai ga mai ƙaramin samu, an kuma ƙayyade hayar kada ta wuce kashi 30 cikin 100 na samun da aka yanka wa masu shiga. Sharaɗin nan da fari na shekara 15 ne, daga baya aka mai da shi 30. Wanda ya saɓa tun da wuri, a karɓe rangwamen da aka yi masa.

Kada a ce wannan abu ya yi mana nisa. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan umurnin da ya yarje wa kamfani ya gina hanya, sa'an nan a cire kuɗin aikin daga harajinsa. Ta haka kamfanin Dangote ya yi aikin hanyar Apapa zuwa Oworonshoki a Ikko. Dabarar da ta shimfiɗa hanya, me zai hana ta ta da ɗaki? Kamfanonin da ke cin arzikin shinkafarmu da tumatirinmu su ne su ka fi cancanta su fara.

Harajin kamfani na Gwamnatin Tarayya ne, saboda haka wakilanmu na majalisa ya kamata su kai maganar. Fili kuwa, dokar 1978 ta damƙa ƙasar jiha amana a hannun Gwamna, yana da ikon ya ba da shi.

Sai dai a lura, harajin da aka yafe kuɗin jama'a ne, na magani ne da alli. Don haka kada a rage wa kowa ko kwabo sai an duba ginin an ga ya yi ƙwari. A rubuta kuɗin haya a manna a bakin ƙofa. Dagatai da shugabannin manoma su shaidi mai shiga, don kada babban mutum ya kama ɗaki goma da sunan yaransa. Kada kuma a gina a kan gonar da ruwa ke kaiwa. Kowa ya ci ladan kuturu, lalle ya yi masa aski.

Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Ina roƙon malamai da akawuna na Kura da Bunkure su rubuto wa Edita nawa su ke biya a wata, da irin ɗakin da a ke ba su, domin manya su ji daga bakin masu abin.

Haza wasalam.

Naku,
Akawu, Kadawa.