INJIN JIRGIN RUWA A YAWURI: NA ƘETARE KO NA KASUWAR GIDA?

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafki ya zama babbar hanyar mutanen Yawuri da Ngaski da Shanga. Kifi da albasa da shinkafa da fasinjoji, duk a kan inji suke tafiya. Saboda haka gardamar da masu jirage ke yi a Yelwa, ko a sa a kawo inji daga ƙetare ko a saya a nan gida, ba ta ’yan kasuwa ba ce kaɗai.

Da farko dai, wanda ake kira “na gida” a Nijeriya aka saye shi, amma ba a nan aka ƙera shi ba. Yamaha da Suzuki na kamfanonin Japan ne, ko a Legas mutum ya saya ko a Anacha. Ko zamanin da Peugeot ta buɗe masana’antarta a Kaduna a 1975, harhaɗawa ake yi, injin kuwa daga Faransa yake zuwa. Watau zaɓin da ke gaban mai jirgi shi ne: sabo daga wakilin kamfani, ko tsohon da ya riga ya yi aiki a kogi, ko kuwa kwancen Turai wanda ake ce wa ɗan Beljiyam.

Dukansu dala ce ke yanka musu farashi. Bayan da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a cikin 2024. Ga kuɗin fito na kwastan, ga na dako daga Legas. Sabo ya fi ƙarfin mutane da yawa, shi ya sa ido ya koma kan kwance.

To, a nan ne ake yin kuskuren lissafi. Dokokin hana hayaƙi a Turai da Amurka sun kori tsohon samfurin inji, wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai. Yawancin abin da ake samu can yanzu sabon samfuri ne, wanda na’ura ke auna masa mai. Gaskiya ne ya fi tsimin fetur, kuma tun da aka janye tallafi ran 29 ga Mayu, 2023, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma bakaniken bakin ruwa da kafireta da filogi ya saba. Mai ƙarfin doki 40 irin na Yamaha Enduro, yana iya warware shi ya mayar a yini guda, kayan gyaransa kuma suna kasuwa. Wancan kuwa in ya tsaya, sai an nemo mai kwamfuta, jirgi yana ɗaure har kasuwar Warra ta ci ta watse. Sa’an nan injin da ya yi aiki a teku, gishiri kan cinye hanyoyin ruwansa daga ciki, fenti kuwa ba ya nunawa. Tafkin nan kuma cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, masu karya farfela ba tare da sun tambayi inda aka sayo ta ba.

A ganinmu, injin da ake iya gyarawa a Yelwa ya fi mai sabon fenti daga Antwerp, ko da ya fi shan mai.

Amma abin da ya kamata ya dami hukuma shi ne yadda ake fanshe kuɗin. Wanda ya ci bashi ya sayi inji, a kan lodi yake ramawa, kuma ba ya da rarar sake katakon jirgi. Ran 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Warra, ’yan kaɗan ne suka tsira, jami’ai kuma suka ɗora laifin a kan lodi fiye da kima. Hukumar NIWA tana da ikon ƙayyade lodi, amma muddin Gwamnatin Jihar Kebbi da bankuna ba su shirya wa ƙungiyoyin masu jirage rancen sayen inji mai sauƙin biya ba, mai jirgi zai ci gaba da ƙara fasinja domin ya biya dillali.