A LIƘA MANA JERIN RUMFUNAN DA BA KOWA

Duk wanda ya taɓa neman rumfa ko kanti a wata kasuwa ta Ikko, ko Badun, ko Anaca, ko Fatakwal, ya san amsar da a kan fara ba shi. Da ya shiga ofishin ƙaramar hukuma ya yi sallama ya faɗi bukatarsa, sai akawu ya ɗago kai ya ce babu wuri, ko'ina ya cika. Mutum ya fito jiki a sanyaye, ya ratsa ta cikin kasuwar nan da aka ce ta cika, sai ga kantuna a jere a garƙame, kwaɗo ya yi tsatsa, gizo-gizo ya yi saƙa a bakin ƙofa. Kafin ya kai bakin titi wani ya sha gabansa, ya raɗa masa cewa wuri kam akwai, amma fa sai da ɗan goro.

To, 'yan'uwa mazauna Kurmi, a kan wannan al'amari na ke so mu yi magana yau. Ra'ayina shi ne, jerin rumfuna da kantunan hukuma waɗanda ba kowa a cikinsu ba asirin wani ba ne. Dukiyar jama'a ce, saboda haka labarinta ma na jama'a ne. Ya kamata kowace ƙaramar hukuma ta riƙa liƙa wannan jeri a ƙofar ofishinta da ƙofar kasuwa, in kuwa ta ƙi, to, doka ta ba mu hanyar da za mu nema.

Mu fara da sanin ko aikin wane ne. Tun gyaran da aka yi wa ƙananan hukumomi a 1976 aka daidaita tsarinsu a ƙasa duka, yau kuwa akwai 774. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya zana ayyukansu filla-filla. A ciki akwai kafa kasuwanni, da mahauta, da tashoshin mota, da kula da su. Akwai sa ido a kan kantuna da gidajen abinci. Akwai raɗa wa tituna suna, da sa wa gidaje lamba, da ƙimanta gidajen mutane don sanya musu haraji. Hukumar da ke karɓar kuɗin rumfa ta ba da rasit kuwa, tilas ta san lambar da ke biya da lambar da ba ta biya. Watau littafin yana nan a ofis. Abin da ya rage kawai shi ne wa za a bari ya duba shi.

In an rufe littafin nan, kowa na cutuwa, har talakan garin. Amma baƙo ya fi kowa ji a jikinsa. Ɗan gari yana da kansilan da suka tashi unguwa ɗaya, yana da ɗan'uwa masinja ko akawu wanda zai tsegunta masa ranar da za a raba sababbin kantuna. Mai albasa da ya zo daga Aliero, ko mai tumatir daga Kadawa, ko tela daga Zariya, ba shi da wannan gata. Kunnensa ɗaya ne, shi ne dillali. Abin da dillali ya faɗa shi ne farashi, tun da ba wata takarda da za a gwada maganarsa da ita.

Kada a ɗauka ina raina tsarin da iyayenmu suka bar mana. Tun da aka kafa Sabo a Badun a 1916, fataken goro da na shanu a hannun maigida su ke sauka. Shi ne mai masauki, shi ne mai tsaya wa baƙo a kan bashi, shi ne mai raka shi gaban Sarkin Hausawa in rigima ta taso. Amana ce ta riƙe wannan ciniki shekara da shekaru ba tare da takarda ba. Amma rumfar hukuma ba ta san amana ba, takarda ta sani. Da yawa daga cikinmu a hannu na biyu ko na uku su ke zaune: wani ya karɓi wurin daga hukuma a kan kuɗi kaɗan, ya ba wani haya, shi kuma ya ba namu a kan ninkin-ba-ninkin. Mutum ya shekara goma yana biya, alhali kuwa ko rasit guda babu mai sunansa.

Ba a gane illar haka sai ranar da ta ɓaci. Kasuwar Tejuosho da ke Yaba ta ƙone a 2007, aka buɗe sabon gininta a 2014, amma kuɗin kantunan ya fi ƙarfin tsofaffin 'yan kasuwar da dama, har aka daɗe ana ganin kantuna a rufe ga masu kasa kaya a bakin hanya. A watan Janairu na 2016 aka rushe kasuwar Owonifari a Oshodi. Gwamnatin Jihar Ikko ta ce ta tanadi wuri a kasuwar Isopakodowo, 'yan kasuwa kuwa suka yi ta kukan ba haka abin ya ke ba. Irin wannan gardama, abin da ke raba ta shi ne jeri a fili: kanti nawa ne, nawa aka bayar, nawa suka rage, nawa ne kuɗin kowane. Mu kuma ba mu manta da rufe kasuwar Mil 12 bayan rikicin watan Maris na 2016 ba, balle ƙonewar kasuwar Sasa a Badun cikin watan Fabrairu na 2021. Duk sa'ad da ƙura ta lafa aka zo maganar diyya ko sabon wuri, tambayar farko ita ce, wa ke da wace rumfa? Wanda ba sunansa a littafi, sai ya zama ɗan kallo a kan dukiyarsa.

Yanzu bari mu zo ga doka, gama nan ne da yawanmu ba su san abin da ke hannunsu ba. Ran 28 ga watan Mayu, 1911 ba ce ba, 2011 ce, kwanan nan, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar 'Yancin Samun Bayanai. Dokar ta ce kowane mutum yana da ikon neman bayani ko takardar da ke hannun wata hukuma ta gwamnati, kuma ba dole ba ne ya faɗi dalilin da ya sa ya ke nema. Ba ta ce sai ɗan asalin jiha ba. Hukuma tana da kwana 7 ta ba da amsa, in aikin yana da yawa ta ƙara waɗansu kwanakin da ba su wuce 7 ba. In za ta hana, sai ta rubuta dalili. Kuɗin da za ta karɓa bai wuce na kwafar takardu ba. Wanda aka hana yana da kwana 30 ya kai ƙara kotu, in kuwa aka tabbatar an hana shi ba bisa ƙa'ida ba, akwai tarar Naira 500,000. Ma'aikacin da ya lalata takarda ko ya sauya abin da ke cikinta da gangan, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara guda ba.

Har ila yau dokar ba ta manta da wanda bai yi boko ba. Yana iya nema ta hannun wani, kuma in ya faɗi bukatarsa da baki, wajibi ne ma'aikaci ya rubuta ta ya ba shi kwafi. Daɗin daɗawa, ta haɗa da kamfanonin da ke aiki da kuɗin gwamnati ko su ke gudanar da aikin jama'a. Wannan yana da muhimmanci, don kuwa manyan kasuwanni da dama yanzu 'yan kwangila a ke ba su gina su kuma sayar da kantunan.

An daɗe ana fakewa da cewa dokar ta Gwamnatin Tarayya ce, ba ta hau kan jihohi ba. A 2018 ma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yi baki biyu, reshenta na Akure ya ce ta hau, na Binin ya ce ba ta hau ba. Amma a watan Afrilu na 2025 Kotun Ƙoli ta raba gardama a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, ta ce dokar ta shafi matakan gwamnati duka. Wannan mafaka dai ta rushe.

Masu ƙin bayyana jerin suna da hujjarsu, kuma adalci ne mu saurare ta. Su kan ce in an shelanta wuraren da ba kowa, an nuna wa ɓarayi da 'yan kama-wuri-zauna hanya ke nan. A Ingila ma, inda irin wannan doka ta fara aiki sosai a 2005, an sha wannan muhawara. Waɗansu majalisun garuruwa su kan buga jerin gine-ginen kasuwanci da ke yankinsu har da waɗanda ba kowa, waɗansu kuwa su kan ƙi, su ce tsoron ɓarna ne. Amsata ita ce a bambanta abu biyu. Kantin wani mutum da ya gina da kuɗinsa, sunansa da sirrinsa nasa ne, dokarmu ma ta kare su, ba kuwa su mu ke nema ba. Amma rumfar da hukuma ta gina don ta ba da haya, a tsakiyar kasuwa mai ƙofa da masu gadi, ɓoye ta ba ya tsare ta daga kowa. Ɓarawo da idonsa ya ke ganin kwaɗo mai tsatsa, ba ya jiran sanarwa. Wanda rufin ya ke hana wa sani shi ne mai neman haya da gaskiya. Maganin kanti da ba kowa kuwa shi ne a sa mutum a ciki.

Sa'an nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya, ko da ɗaci. Ba ma'aikatan hukuma kaɗai ke cin moriyar duhun nan ba. A cikinmu akwai waɗanda suka kama rumfa biyar ko goma suna ba ƙannensu haya da tsada, akwai masu cewa su ne idon hukuma, su karɓi la'ada a nan su karɓa a can. Irin waɗannan ba za su yi murna da wannan magana ba. Amma shugabancin da ke tsoron a karanta takarda a gaban jama'a, a binciki lafiyarsa. Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan gwari, da mahauta, da 'yan goro, waɗanda suka riƙe amana, ba abin da zai same su sai ƙarin daraja.

To, me za a yi? Shawarata ita ce kowace ƙungiya ta rubuta takarda zuwa ga Sakataren ƙaramar hukumar da kasuwarta ta ke ciki. A Jihar Ikko a lura, ban da ƙananan hukumomi 20 akwai hukumomin raya yankuna 37, sai a tabbata wadda ke karɓar kuɗin kasuwar. A ambaci sunan dokar ta 2011, a nemi abu huɗu: yawan rumfuna da kantunan kasuwar, lambobin waɗanda ba kowa, kuɗin da hukuma ta ƙayyade wa kowane, da ƙa'idar da a ke bi wajen rabawa. A yi kwafi biyu, a sa mai karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan namu, a adana shi kamar yadda a ke adana takardar fili. In kwanaki sun cika shiru, a sake tuni a rubuce, sa'an nan a nemi lauya. Kuma kada mu yi wannan mu kaɗai. Matar nan Bayarabiya mai sayar da barkono a bakin kwata, da yaron nan Ibo mai kasa kayan lantarki a kan tebur, duk abin da ke damunmu shi ke damunsu. Takardar da ta zo da sa hannun ƙabila uku ta fi wuyar jefawa a kwandon shara, kuma ba mai iya cewa rigimar baƙi ce.

Ga shugabannin ƙananan hukumomi kuwa, muna roƙo cikin ladabi, kada ku jira sai an kai ku kotu. Allo guda a ƙofar kasuwa, a riƙa sabunta shi duk wata uku, da Turanci da harshen gari, bai fi ƙarfin kowace hukuma ba. Kowane kanti da ke rufe kuɗin shiga ne da baitulmalinku ya rasa, kowane goro da aka ba dillali kuwa bai shiga asusunku ba. Kuna kukan masu kasa kaya sun tare tituna, ga wurin da za su koma kun kulle.

Tsarin Mulki ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama inda ya so, ya kuma hana a nuna masa bambanci saboda asalinsa. Muna biyan kuɗin kasuwa, muna biyan na shara, muna biyan na tasha. Wanda ya ke biya yana da ikon ya tambaya. Mu tambaya a rubuce, da ladabi, mu kuma riƙe kwafinmu. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa albarka a neman kowa, amin.