Bakolori na da abin nuna wa baƙo ko babu giya

A Faransa da Italiya da Afirka ta Kudu mutanen birni kan yi hutu a gonakin inabi. Mai gona ya zagaya da su, su ɗanɗana giyar da aka matsa a wurin, su ci abinci, wasu su kwana, sannan su yi sayayya su koma gida. Mutumin Zamfara da ya ji an ambaci giya zai yi a'uziyya ya wuce, kuma yana da gaskiya, domin haram ce, kuma tun da Shari'a ta fara aiki a jihar a Janairun 2000 doka ta hana cinikinta. Sai dai ko an zubar da giyar, akwai dabarar kasuwanci da ta rage, wadda a ganina manoman Maradun da Bakura da Talata Mafara suka fi kowa buƙata: mai saye ya zo har bakin gona, ya ga yadda ake noman, ya ɗanɗana, ya biya manomi hannu da hannu, ya tafi da kaya masu ɗauke da sunan wurin.

Masu gonaki uku ne suka buɗe hanyar ziyarar gonakin inabi ta Stellenbosch a Afirka ta Kudu a 1971, don su riƙa sayar da kayansu kai tsaye. Italiya ta yi doka a 1985 da ta ba manomi damar saukar da baƙi da ciyar da su daga amfanin gonarsa, don kada ƙauyuka su watse. A Ɗa'ifa kuwa, garin da alhazanmu da dama suka sani, mutanen Makka da Jidda na hawa dutse lokacin zafi don inabi da rumman da furen wardi, ba tare da ɗigon barasa ba. Ko a gida, manoman Kudan a Jihar Kaduna na noman inabin ci, sunan garin ya fara bin 'ya'yan itacen zuwa kasuwa.

Yankin Bakolori ba ya ma buƙatar inabi. An kammala madatsar ruwan Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, an kuma tsara ta shayar da kimanin hekta 23,000 a ƙananan hukumomin Maradun da Bakura da Talata Mafara. A tsakiyar rani, lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau daga Gusau har Sakkwato, matafiyi na iya sauka daga babbar hanya ya tarar da shinkafa kore shar, da albasa da tumatir da tattasai da dankali da rake, ga masunta a bakin tafki da tarwaɗa da ƙarfasa. Amma da zarar buhun shinkafar ya hau mota, sunansa ya ɓace. A kai shi injin casa a wani gari, a zuba a buhu mai tambarin wani kamfani, mai ci a Abuja bai san akwai wani wuri wai shi Bakolori ba. Tumatir ya fi muni. Ranar da ya yi yawa, manomi na tsaye kan kwandunansa a rana, dillali ya taya yadda ya ga dama, don ya san in aka kwana biyu kayan za su ruɓe. Baƙon da ya zauna a ƙarƙashin rumfa ya ci tuwon sabuwar shinkafa da miyar ɗanyen kifi, ya sha ruwan rake da aka matse a gabansa, ba zai yi irin wannan tayi ba. In ya koma gida, shinkafar Bakolori zai nema da sunanta, kuma lambar wayar ƙungiyar manoman na aljihunsa. Kuɗin da ke cikin wannan sunan ya fi kuɗin shiga gona nesa ba kusa ba.

Babbar suka ita ce tsaro, kuma ba ta wasa ba ce. A Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai mata daga Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, a watan Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, a farkon Satumba aka ɗauki ɗalibai a makarantar Kaya da ke Maradun. Akwai ƙauyukan Zamfara da sai sun biya 'yan bindiga kafin su girbe abin da suka shuka. Duk wanda ya ce a gayyato iyalai daga Legas su kwana a gona a irin wannan hali, bai san darajar rai ba. Amma wannan hujja ce ta bin mataki, ba ta naɗe hannu ba. Sanya suna a buhu, da kafa ƙananan injinan casa kusa da gonaki, da ware rumfunan ɗanɗano a kasuwar Talata Mafara, duk ba sa jiran ƙarshen rikici. Ranar nunin amfanin gona guda ɗaya a ƙarshen rani, da rana tsaka, kusa da gari, da tsaro isasshe, abu ne mai yiwuwa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, ya yi kusan shekara goma a dakace, amma da aka dawo da shi a 2020 mutane suka cika garin, domin sunan ya riga ya kafu. Bakolori ba ta da sunan da za ta farfaɗo da shi ranar da zaman lafiya ya dawo, sai in an fara gina shi yanzu.

Wasu za su ce yawon buɗe ido ƙofar ɓarna ce. Wannan ya danganta da wanda ke riƙe da ƙofar. Baƙin farko 'yan makaranta ne, da ɗaliban kwalejin Bakura da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, da 'yan kasuwar hatsi na Dawanau, da ma'aikatan Gusau da 'ya'yansu ba su taɓa ganin dashen shinkafa ba.

Sukar da ta fi nauyi a wurina tana cikin tarihin madatsar kanta. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina ta, ruwa ya ci gonaki da gidajen dubban mutane, biyan diyya ya zama rigima. Da manoma suka tare hanyoyin aikin, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta a Afrilun 1980. Gwamnati ta ce mamatan ba su kai 30 ba, masu bincike irin su Dokta Yusufu Bala Usman suka ce ɗaruruwa ne. Mutanen da suka ga haka suna da dalilin tsorata duk ranar da mai babbar riga ya zo da maganar ci gaba. In tsarin ya koma otal ɗin wani attajiri a bakin tafki, da katanga, manomi na shara a ciki, gara a bar shi. Dokar Italiya ta yi maganin wannan da sharaɗi guda: saukar baƙi aiki ne na manomi, kuma dole noma ya ci gaba da zama babbar sana'ar wurin. Irin sharaɗin ya kamata Majalisar Dokokin Zamfara ta rubuta, a bar ragama a hannun ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da masarautun yankin.

Bakura ta ba Zamfara gwamna a 1999, Talata Mafara ta bayar a 2011, Maradun ta bayar a 2019. Jimilla shekara 20 mulkin jihar ya yi a hannun 'ya'yan wannan yanki, amma har yanzu mai saye a Kano ba ya tambayar shinkafar Bakolori da sunanta. Gwamnatin jiha da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima su zauna da manoma kafin noman rani mai zuwa, su fitar da buhu mai sunan Bakolori, su kuma tsayar da ranar nunin farko.