Jan Zare: Ginshiƙin Aikin Allura Da Kwarashi

Idan Bahaushe ya shiga kasuwa sayen hula ko babbar riga, abin da idonsa ke fara sauka a kai shi ne zane. Sai ka ji ana yabon aska takwas, ko tambari, ko launin alharini. Amma gwanayen sana'ar sun san cewa zane ado ne kawai. Abin da ke bambanta gwani da ɗan koyo shi ne daidaiton jan zare, wato hannu ya ja zaren da ƙarfi iri ɗaya tun daga sukar allura ta farko har ta ƙarshe.

Dalilin haka a fili yake. In maɗinki ya matse zare, ƙyallen sai ya tattare, wuyan riga ya ƙi kwanciya a ƙirji. In kuwa ya sassauta, ɗinkin sai ya yi sako-sako, wanki ɗaya ya tona asirinsa. Haka abin yake ga mai saƙa da kwarashi. Alal misali, a ce mace na saƙa hula mai faɗin kai inci 22, tana yin ido 10 a kowane inci, jimla ido 220 ke nan. To, in hannunta ya matse har ido 11 suka shiga inci guda, hular za ta dawo inci 20, alhali ba ta rage ido ko ɗaya ba. Shi ya sa masu koyarwa ke nace wa yarinya ta naɗa zare a yatsanta ta hanya ɗaya kullum, ta kuma ajiye aiki in gajiya ko ɓacin rai ya kama ta, domin hannu ba ya ɓoye halin da zuciya ke ciki.

Wannan ilmi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun a wajen kaɗi ake fara shi, inda tsohuwa da mazarinta ke rarrabe abawa da arafiya da yatsu kawai. Abin da ke yi masa barazana shi ne gaggawa. Dillali na biyan ladan aiki bisa yawan hulunan da aka gama, ba bisa kyansu ba, wani lokaci ma a raba riga ɗaya ga hannu biyu ko uku, kowanne da nasa jan. Masu iya magana kuwa sun ce sauri ya haifi nawa. Wani zai ce ai talauci ne ya kawo haka, kuma gaskiya ne. Amma mai saye ma yana da laifi, tunda ba ya juya cikin hula ya duba kafin ya taya.

Ɗaliban Hausa su ma suna da nasu nauyin. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya nazarci ɗinkin Hausawa har ya shirya baje kolin fasahohinsu a Landan a 1976. Sai dai hoto na iya adana zane, ba ya adana motsin yatsa ko kalmomin da gwani ke gyara wa almajirinsa hannu da su. Ya kamata masu neman abin rubuta kundin digiri su zauna a zaurukan maɗinka na birnin Zariya da Kano, ɗalibai mata kuma su shiga cikin gidaje, su rubuta waɗannan kalmomi daga bakin masu su tun suna raye.