Wa zai ɗauki hoton rumbunan Vimtim?

A ƙarshen Oktoban 2014 'yan Boko Haram suka mamaye Mubi, suka shiga Vimtim, mahaifar Alex Badeh, babban hafsan tsaron ƙasa na lokacin. Kafin shekarar ta fita sun hau dutsen Sukur a Madagali sun cinna wa gidaje wuta, har da na Hidi, sarkin wurin. Sukur ne wuri na farko a Najeriya da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya, a 1999. Amma yau mai son ganin yadda gidan Hidi yake kafin wutar, yawanci sai ya nemi hotunan Nicholas David da Judith Sterner, baƙi masu bincike da suka zauna can a shekarun 1990.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Masu kyamara sun cika Mubi, sai dai kasuwarsu biki da suna da taron siyasa ce. Ban ga laifinsu ba, can abinci yake. To amma ɗaukar hoton gini ma sana'a ce mai zaman kanta. James Morris, ɗan Birtaniya, ya zagaya Mali da Nijar da Najeriya yana ɗaukar ginin ƙasa, ya fitar da littafin Butabu. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, awo da hotunan masanin gine-gine Zbigniew Dmochowski ne suka adana mana tsohuwar kamarsa.

Aikin na mai haƙuri ne. Ba a ɗaukar bango da rana tsaka, hasken yana shafe komai. Sai da sassafe ko bayan la'asar, rana ta kwanto ta gefe, sannan shatin yatsun magini ke fitowa a jikin yaɓe, kowane dutse na katanga ya yi inuwarsa. Kafin nan kuma sai an gaida mai gida, an nemi izini, an tambayi wanda ya gina rumbun da shekarar da aka yi masa jinka.

Su kuwa rumbunan ƙabilar Fali na Vimtim, ba sai an kawo hari za su ɓace ba. Bulo da kwano suna cinye su damina bayan damina. Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya duk a Mubi suke. Su ɗauki nauyin matasa biyu ko uku 'yan yankin, su biya su kuɗin aiki kamar yadda ango ke biya, su ajiye hotunan a ɗakin karatu da sunan kowane gida da magininsa.