LAFIYAR IYALI: Gemun Mace Da Wuƙar Likita

Jama'a, sau da yawa akan ga mace da gemu ko gashin baki, sai a yi ta tsegumi, har wasu su jefe ta da maita. Ita kuwa, don kunya, sai ta shiga cigiyar likitan da zai yi mata aikin fiɗa ta huta. To, ga yadda al'amarin yake.

Kowace mace tana da sinadarin maza kaɗan a jikinta, wanda ke fitowa daga gidan ƙwai da wasu 'yan ƙululu biyu da ke bisa ƙoda. In ya yi yawa, sai gashi ya tsiro inda ba a saba gani ba. Galibi abin da ke kawo haka shi ne ciwon gidan ƙwai wanda likitoci biyu, Stein da Leventhal, suka bayyana a Shikago ta Amurka cikin 1935, watau mai rikita haila da jinkirta haihuwa. Su kam sun riƙa yanke wani yanki na gidan ƙwan, haila ta daidaita, amma daga baya aka gane wannan aiki ba ya kawar da gashi.

Saboda haka yau da ƙwayoyi ake farawa, kuma sai an yi haƙurin wata 6 kafin a ga amfaninsu. Gashin da ya riga ya fito kuwa, akan kashe saiwarsa da allurar lantarki, dabarar da aka soma tun 1875, ko da hasken lesa. Amma mai baƙar fata ta tabbata na'urar ta dace da fatarta, don kada ta ƙone.

Wuƙa tana da wurinta: in ƙari ne ya fito a gidan ƙwai ko bisa ƙoda. Wannan ba safai ba ne, amma ba a wasa da shi. Alamarsa, gashi ya taso farat ɗaya cikin 'yan watanni, murya ta yi kauri, haila ta ɗauke. Wadda ta ga haka, lalle ta garzaya babban asibiti a auna jininta, a yi mata hoto. In an cire ƙarin, sinadarin yakan sauka.

Har wa yau, mata su kiyayi mayukan bilicin, domin wasunsu na tsirar da gashi. Maza kuwa su bar gori, su raka matansu asibiti.

Allah ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa.